Fashin baƙi: Me ya sa wasiƙun imel na ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ke ƙarewa a akwatin tarkace (spam)?

Me ya sa ƙungiya za ta tura wa mutum ɗari takwas sanarwar taro ta imel, amma ranar taro rabinsu su rantse ba su ga komai ba? Kuma da gaske ne yanzu doka ta hana a riƙa tura wa mutum saƙon talla alhali bai nema ba?

Tambayoyin nan biyu suna yawo a bakin sakatarorin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da masu shirya tarukan ilimi a Samaru da Kongo, da makarantun kuɗi na Tudun Wada da Sabon Gari, duk a Zariya, har da masu sayar da iri da taki da suka fara aika wa abokan cinikinsu wasiƙar labarai duk wata. Da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin sabis, wasu kuma su ce Google ce ke wa 'yan Najeriya kallon 'yan damfara. A mafi yawan lokuta ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin jerin adireshin kansa: yadda aka tara shi, da wanda aka saka ciki, da wanda aka ƙi cirewa.

Mene ne jerin masu rajista?

Wasiƙar labarai ta imel saƙo ne guda da ake aika wa mutane da yawa a kai a kai, ko duk mako ko duk wata. Jerin masu rajista kuwa shi ne kundin mutanen da suka ce suna son a riƙa aika musu ita. Kalmar "suka ce" ɗin nan ita ce ta raba shi da tarin adireshi kawai. Adireshin da aka kwaso daga takardar halartar taro, ko daga katin kasuwanci, ko daga wata wasiƙa da wani ya turo wa mutum hamsin a buɗe, duk adireshi ne na gaske, amma masu su ba su yi rajista ba.

Kundi mai kyau ba adireshi kaɗai yake ɗauke da shi ba. A gaban kowane mutum ana so a ga sunansa, da ranar da ya shiga, da hanyar da ya shiga (fom na intanet ne ko takarda a wani taro), da abin da aka faɗa masa za a riƙa aika masa, da harshen da ya zaɓa idan ana fitar da wasiƙar da Hausa da Turanci, sannan matsayinsa a yanzu: yana nan, ya fice, ko adireshinsa ya mutu. Abin da ba a buƙata kada a tambaya. Mai aika wasiƙar farashin taki ba shi da abin yi da lambar NIN ta manomi ko ranar haihuwarsa, kuma duk abin da ka tara, kai ne za a tambaya ranar da ya fita.

Abin da ya sauya a 2023 da 2024

Abubuwa biyu ne suka faru kusan a jere. Na farko doka ce. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC. Kafin nan akwai ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019, amma wannan cikakkiyar doka ce ta majalisa. A ƙarƙashinta adireshin imel na mutum bayaninsa ne na kansa. Yardar da ake magana a kai dole ta kasance mutum ya ba da ita da son ransa, ya san abin da ya yarda da shi, kuma shiru ko rashin cewa komai ba ya zama yarda. Idan gardama ta taso, wanda ke riƙe da kundin ne zai kawo hujjar cewa an yarda, ba mai adireshin ne zai kawo hujjar cewa bai yarda ba. Mutum yana da damar janye yardarsa cikin sauƙi kamar yadda ya ba da ita, yana kuma da damar cewa a daina amfani da bayanansa wajen yi masa talla, kuma dole a daina.

Dokar ba ta ce kowane saƙo sai da fom ɗin yarda ba. Makarantar da ta tura wa uba sanarwar ranar komawa hutu tana da hujjarta, domin akwai hulɗa tsakaninsu. Haka kuma wanda ke tura wa danginsa katin ɗaurin aure bai shiga ciki ba, tunda harkar gida ce. Amma makarantar nan idan ta ɗauki adireshin iyaye ta miƙa wa mai sayar da yunifom ya riƙa yi musu talla, ta fita daga dalilin da aka ba ta adireshin dominsa. Tarar da doka ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manya kuwa naira miliyan 10 ne ko kashi 2 cikin 100.

Na biyu, wanda ya fi saurin cizo, ba daga gwamnati ya zo ba. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka fara aiki da sababbin sharuɗɗa ga masu aika saƙo. Duk wanda ke tura saƙo kusan 5,000 ko fiye a rana zuwa adireshin Gmail dole ya tabbatar da asalinsa ta hanyoyi uku da za a yi bayaninsu a ƙasa, ya sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya, ya cire wanda ya fice cikin kwana biyu. Microsoft ma ta bi sahu a watan Mayun 2025 ga adireshin Outlook da Hotmail. Nan ne mutane da yawa suka yi kuskuren fahimta, suka ce ai mu ba mu kai 5,000 ba, bai shafe mu ba. Akwai sharuɗɗan da Google ta ɗora wa kowa, babba da ƙarami: aƙalla hanya ɗaya ta tabbatar da asali, da kuma kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin 100.

Yadda Gmail ke yanke wa mai aikawa hukunci

A sa wannan adadi a ma'auni. Kashi 0.3 cikin 100 na nufin mutum uku cikin dubu. Idan wasiƙarka ta shiga akwatin mutum 600, biyu kacal suka danna cewa tarkace ce, ka riga ka haura iyaka a wannan zagayen. Google ma cewa take gara a tsaya ƙasa da kashi 0.1, wato mutum ɗaya cikin dubu.

Ba mutum ne ke zaune yana karanta wasiƙun ba. Na'ura ce ke lura da yadda masu karɓa ke yi da saƙon kowane mai aikawa: suna buɗewa, suna amsawa, suna fito da shi daga akwatin tarkace, ko kuwa suna gogewa ba su duba ba, suna kai ƙararsa. Tana kuma lura da yawan adireshin da babu su da mai aikawa ke ta jefa wa saƙo, domin wannan alama ce ta wanda bai san mutanen da ke cikin kundinsa ba. Daga waɗannan ake gina mutuncin mai aikawa, kuma mutuncin nan ne ke yanke inda wasiƙar gobe za ta sauka. Abin da ke da zafi shi ne hukuncin ba ya tsayawa a kan waɗanda suka yi ƙorafi. Mutum ɗari biyun da ke jiran wasiƙar da gaske su ma za su daina ganinta saboda ɗari shidan da aka cusa ba da saninsu ba.

Akwai kuma adireshin tarko. Wasu tsofaffin adireshi ne da masu su suka yi watsi da su, kamfanonin imel suka rufe su na wani lokaci, sannan suka sake buɗe su don kama masu aika saƙo ga kundin da ba a tsaftacewa. Wasu kuma tun asali ba na kowa ba ne, an dasa su ne a shafukan intanet don a kama masu kwasar adireshi. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus suna amfani da irin wannan wajen haɗa jerin masu aika tarkace, kuma sabar imel (kwamfutocin da ke karɓa da aika saƙo) da yawa a duniya suna duba jerin kafin su karɓi saƙo. Wannan ne ya sa sayen kundi, irin wanda ake tallarsa da cewa adireshin 'yan Kaduna dubu hamsin ne a farashi mai rahusa, ya zama sayen wahala da kuɗinka. Manyan kamfanonin aika wasiƙa sun haramta shi a sharuɗɗansu, suna kuma rufe asusun wanda suka kama.

Me ya sa kundin adireshi ke saurin ruɓewa a nan?

Ko'ina a duniya kundi yana raguwa da kansa, amma a gari irin Zariya akwai dalilai na musamman da ya kamata mai kundi ya sani.

Ɗalibai da yawa a kafe, wato shagon intanet, aka buɗe musu imel lokacin rajistar JAMB ko ta hidimar ƙasa. Mai kafe ne ya zaɓi sunan, shi ya sa kalmar sirri, ya rubuta a 'yar takarda, takardar ta ɓata. Adireshin yana nan a kan mutum, shi yake rubutawa duk inda aka ce ya sa imel, amma rabonsa da buɗe shi ya manta. Wasu kuma mai sayar da waya ne ya ƙirƙira musu Gmail don wayar ta fara aiki. Aka sace wayar ko ta lalace, aka sayi wata, aka sake buɗe sabon adireshi. Ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya mallaki uku ko huɗu, ɗaya kaɗai ke kan wayar da ke hannunsa. Google kuwa ta sanar cewa daga Disambar 2023 tana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Sai cikar akwati. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta haɗe yake tsakanin Gmail da Drive da Photos. Wanda wayarsa ke tura hotuna da bidiyon biki can ba da saninsa ba, wata rana wurin zai cika, imel ya daina shiga. Sannan gari ne na makarantu: Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin kimiyya ta Nuhu Bamalli, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da sauransu. Mutane suna zuwa, su gama, su tafi. Wanda ya yi rajistar wasiƙar wani shagon littattafai yana aji biyu, bayan shekara huɗu yana Legas ko Yola, ba ruwansa da sabon kayan da aka kawo Samaru. Idan kuma adireshin makaranta ko na wurin aiki ya bayar, yana iya daina aiki bayan ya bar wurin.

Takardar da ake zagayawa da ita a taro ita ce uwar kurakurai. A rubutun hannu sifili da harafin o kamanninsu ɗaya, haka lamba 1 da ƙaramin l, haka layin ƙasa da ƙaramin layin tsakiya. Ga masu rubuta gmial ko gamil, ga masu ƙarewa da .con. Wani zai rubuta www a gaban adireshinsa. Mai shigarwa a kwamfuta shi ma ya ƙara nasa. Kuskuren harafi ɗaya ko dai ya sa saƙon ya dawo, ko ya kai shi wurin wani bawan Allah da bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba, shi kuwa abin da zai danna a bayyane yake. Maganin shi ne a ajiye waya ko kwamfuta a teburin rajista mutum ya shigar da kansa, ko a manna lambar QR da ke kai shi fom. In dole sai takarda, a yi mata akwatuna, harafi ɗaya a kowane akwati, sannan a saman takardar a rubuta ƙarara cewa wanda ya sa alama a wuri kaza yana son a riƙa aika masa wasiƙar wata-wata. Takardar a adana ta, domin ita ce hujja.

Gardamar tabbatarwa sau biyu

Masu wannan aiki sun rabu a kan abu ɗaya. Idan mutum ya cike fom, a sa shi cikin kundi nan take, ko kuwa sai an tura masa saƙo ya danna mahaɗi ya tabbatar cewa shi ne?

Masu cewa a sa shi nan take suna da hujja mai ƙarfi a nan. Mutanenmu ba su saba leƙa imel kullum ba. Wani zai cike fom da niyya mai kyau, saƙon tabbatarwa ya zo, bai gani ba sai bayan wata guda, ko ma ya faɗa tarkace. An rasa shi ke nan. Masu ɗaya ra'ayin kuma suna cewa wanda bai iya buɗe saƙon farko ba, me ya sa ake zaton zai buɗe na biyar? Tabbatarwa tana tace adireshin da aka yi kuskure, da na kafe da ba a buɗewa, da wanda wani ya saka sunan abokinsa don tsokana, da fom ɗin da manhajojin ɓarna ke cikewa da kansu. Tana kuma barin shaidar rana da lokacin da mutum ya amince.

Idan aka auna, ra'ayi na biyu ya fi nauyi, musamman ga fom da ke buɗe a intanet. Kundin zai fito ƙarami, gaskiya ne, amma da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Ana iya rage asarar da dabaru masu sauƙi: shafin da ke fitowa bayan cike fom ya ce a buɗe imel yanzu, a duba har akwatin tarkace, saƙon tabbatarwa ya zama gajere, da Hausa ga wanda ya zaɓi Hausa, maɓalli ɗaya tak, a wurin taro kuma mai teburin rajista ya ce wa mutum ya ciro wayarsa ya danna kafin ya tashi. A nan take ake gane wanda adireshin da ya bayar ba ya kan wayarsa.

Da me ake aikawa?

Mafi munin hanya ita ce zuba adireshi ɗari a layin masu karɓa a buɗe. Kowa ya ga adireshin kowa, mutum ɗaya ya amsa wa duka da "Allah ya kai mu", wani ya kwashe jerin ya fara tallar fili. Wannan fallasa bayanan mutane ne kai tsaye. Layin BCC yana ɓoye adireshin, amma ba ya cire wanda ya fice, ba ya lissafa wanda saƙonsa ya dawo, kuma Gmail na kyauta yana tsayawa a kan masu karɓa 500 a rana, wanda ya wuce a dakatar da aikawarsa har zuwa awa 24. Asusun Google Workspace na kuɗi yana kaiwa 2,000.

Da zarar kundi ya wuce 'yan gommai, gara a koma ga kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Mailchimp, Brevo, MailerLite ko Substack. Suna ba da fom, suna aika saƙon tabbatarwa, suna sa mahaɗin ficewa, suna ware matattun adireshi da kansu. A duba yadda suke caji kafin a zaɓa. Wasu da yawan mutanen kundi suke lissafi, wasu da yawan saƙon da aka aika. Tunda da dala ake biya, kowane mataccen adireshi kuɗi ne ke zurarewa, kuma a wasu tsare-tsaren har waɗanda suka fice ana lissafawa muddin ba a mayar da su ma'ajiya ba.

Sai batun asali. Domen shi ne sunan da ke bayan alamar @ a adireshi. Idan ka aika ta wani kamfani amma ka sa adireshinka na gmail.com ko yahoo.com a matsayin mai aikawa, sabar da ke karɓa za ta ga saƙo yana iƙirarin fitowa daga gidan da bai fito ba. Yahoo tun 2014 ta ce a ƙi karɓar irin wannan da sunanta. Mafita ita ce ƙungiya ta yi rajistar domen nata, ko mai ƙarewa da .ng da hukumar NiRA ke kula da shi ko waninsa, sannan a shigar da bayanai uku a saitinsa, su ne hanyoyin tabbatar da asali da aka ambata a baya. SPF yana lissafa sabar da aka yarda su aika da sunan domen. DKIM sa hannu ne na sirri da ke tafiya da kowane saƙo, yana nuna ba a taɓa shi a hanya ba. DMARC kuma yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa waɗancan. Kamfanin aikawa ne ke ba da layukan da za a kwafa, aikin bai fi na rabin awa ba ga wanda ya san wurin. Kurakurai biyu ne suka fi yawa: a saka SPF biyu a domen ɗaya maimakon a haɗe su a layi guda, wanda ke lalata duka biyun, da kuma gaggawar sa DMARC a matakin ƙin karɓa tun ba a tabbatar duk hanyoyin aikawa na ƙungiyar sun daidaita ba. A fara da matakin sa ido, wato p=none, a duba rahotanni na 'yan makonni.

Sabon domen ba shi da tarihi, don haka ba a buɗe masa aiki da saƙo dubu uku rana ɗaya. A fara da mutum hamsin zuwa ɗari da aka san suna buɗewa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni biyu zuwa huɗu.

Wajen ɗaukar kundi daga Excel zuwa kamfanin aikawa akwai tarko biyu da ke kama masu Hausa. Idan ba a adana fayil ɗin a tsarin CSV UTF-8 ba, haruffa masu lanƙwasa suna lalacewa, sai Ɗahiru ya buɗe wasiƙa ya ga an gaishe shi da "?ahiru". Lambar waya kuma Excel yana cinye sifilin farko, idan an sa 234 a gaba ya mayar da ita wani abu mai E+12, sai an saita layin a matsayin rubutu tun kafin a shigar.

Tsaftace kundi: wa za a cire, kuma yaushe?

Saƙon da ya dawo iri biyu ne. Akwai dawowar dindindin, mai lambar da ta fara da 5 kamar 550, wadda galibi ke nufin babu wannan adireshi. Wannan a daina aika masa daga ranar. Akwai ta wucin gadi, mai fara da 4, kamar cikar akwati ko sabar da ta yi nauyi. Ita ana ba ta dama, amma idan ta maimaitu sau uku zuwa biyar a jere, a ɗauke ta kamar ta farko.

Waɗanda suka fi wuyar sha'ani su ne masu shiru: saƙo yana shiga, ba sa taɓa shi. A nan kada a dogara kacokan da adadin buɗewa. Ana auna shi ne da wani ɗan ƙaramin hoto da ba a gani a cikin wasiƙa. Tun Satumbar 2021 manhajar imel ta Apple tana iya sauke hoton da kanta, sai a ga kamar an buɗe alhali ba a buɗe ba. Wanda kuma ya kashe saukar hotuna don tattalin data yana karantawa amma ba a lissafa shi. Danna mahaɗi da amsa wasiƙa sun fi zama shaida. Ga wasiƙar mako-mako, wanda ya yi wata shida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu a ware shi gefe. Ga ta wata-wata a ba shi shekara. A tura musu saƙo gajere sau biyu, tsakaninsu mako ɗaya ko biyu, mai tambaya ɗaya: a ci gaba da aiko maka? Wanda ya danna ya dawo, saura a daina. Shugabannin ƙungiya sukan ji zafin ganin kundi ya sauko daga dubu biyu zuwa ɗari tara, musamman idan an saba faɗin adadin a taron shekara, amma waɗannan dubu da ɗarin tun can ba sa karantawa.

A kuma duba maimaici. Gmail ba ya la'akari da ɗigo a sunan adireshi, don haka adireshi mai ɗigo a tsakiya da marar ɗigo akwati ɗaya ne, mai shi yana samun wasiƙa biyu.

Rarraba kundi rukuni-rukuni shi ma tsafta ce. Tsohon ɗalibin da ke Kano ba ya buƙatar sanarwar aikin gayya na ranar Asabar a Zariya, manomin masara ba ya buƙatar farashin maganin kaji. Duk saƙon da bai shafi mutum ba yana matso da yatsansa kusa da maɓallin ƙorafi.

Ƙofar fita

Wasu suna ɓoye mahaɗin ficewa da ƙananan haruffa, ko su ce sai mutum ya rubuto wasiƙa ya faɗi dalili. Wanda ya gaji kuma bai ga ƙofa ba, tarkace zai danna, kuma wannan ne ke cutarwa. Ficewa ba ta rage mutuncin mai aikawa, ƙorafi ne ke ragewa. Mahaɗin ya kasance a fili, kada ya nemi kalmar sirri. A kuma kula da girman wasiƙa: Gmail yana yanke saƙon da rubutunsa ya wuce kilobait 102, kuma ƙasan wasiƙa, inda mahaɗin ficewa yake, shi ne ke ɓacewa.

Wanda ya fice ba a goge shi kwata-kwata daga tsarin, ana mayar da adireshinsa jerin waɗanda aka hana aika wa. Dalili kuwa, bayan wata shida sabon sakatare zai ɗauko tsohon fayil daga filashi ya sake lodawa, duk waɗanda suka fita su dawo ba da saninsu ba. Jerin hanin ne ke tare wannan. Haka idan za a sauya kamfanin aikawa, a tafi da jerin hanin tare da na masu rajista.

To me zai hana a koma WhatsApp kawai?

Ga sanarwar gaggawa, WhatsApp ya fi imel isa ga mutanenmu, babu musu. Amma yana da iyakokinsa. Jerin watsa saƙo yana ɗaukar mutum 256 ne, kuma sai wanda ya adana lambarka zai samu. Zaure yana ɗaukar 1,024, amma lambar kowa a buɗe take ga kowa, abin da mata da yawa ba sa so. Idan aka rufe lambar mai gudanarwa ko shafin Facebook, mabiya sun tafi da shi. Kundin imel kuwa fayil ne da ke hannunka, kana iya ɗaukarsa zuwa wani kamfani gobe. Masu dabara suna haɗa biyun: cikakken bayani a imel, ɗan tunin cewa wasiƙar wannan wata ta fito a WhatsApp.

Wa ke riƙe da kundin?

Nan ƙungiyoyi suka fi faɗuwa. Sau da yawa asusun aikawa yana kan imel ɗin sakatare na kansa. Wa'adinsa ya ƙare, ko aka yi saɓani, ya tafi da komai. Asusun ya kasance da adireshin ƙungiya, mutum biyu aƙalla su iya shiga, kowa da tasa kalmar sirri inda tsarin ya ba da dama, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a cire wanda ya bar muƙami a ranar da ya bari. A riƙa sauke kwafin kundi duk wata a ajiye wuri mai kulle. Kada a tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na shugabanni, kada a bar shi a kwamfutar kafe bayan an buga wani abu.

Lokacin zaɓe, na ƙasa ko na ƙungiyar kanta, za a sami mai zuwa neman kundin, wani da roƙo wani da kuɗi. Mambobi sun ba da adireshinsu ne don labaran ƙungiya, ba don kamfe ba. Idan ƙungiya ta ga dacewar 'yan takararta su yi magana da mambobi, ita ce za ta aika saƙon a madadinsu daidai wa daida, kundin bai bar hannunta ba. Idan kuma kundin ya fita ta hanyar kutse ko sakaci har ana tsoron zai cutar da masu shi, doka ta ce a sanar da NDPC cikin awa 72 da ganowa.

Abin da mai karɓa zai iya yi

Wanda wasiƙu suka dame shi ya bambance iri biyu. Idan daga wurin da ya sani ne, shago ko ƙungiya ko makaranta, ya yi amfani da ficewa. A Gmail maɓallin yakan fito a sama kusa da sunan mai aikawa. Idan kuwa saƙo ne daga wanda bai sani ba, mai alƙawarin tallafi ko aiki ko cewa an rufe asusun banki, kada ya danna komai a ciki, har da abin da aka rubuta wa ficewa, domin dannawar tana shaida musu cewa adireshin yana da rai. Wannan tarkace ake kai shi.

Wanda kuma wasiƙar da yake so ce ke ɓacewa, ya nemo ta a akwatin tarkace, ya danna cewa ba tarkace ba ce, ya adana adireshin mai aikawa cikin lambobinsa. Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a wannan akwati, don haka leƙawa sau ɗaya a mako ta wadatar. Idan mutum ya fice amma aka ci gaba da aika masa, yana da damar rubuta wa mai kundin ya tambayi inda aka samo adireshinsa, ya nemi a goge bayanansa. Ya ajiye kwafin abin da ya rubuta da ranar da ya aika, domin su zai haɗa da ƙorafinsa idan ya kai maganar gaban NDPC.